Kafin Taya ta Bar Ƙasa: Tarihin Kuskuren Matuƙan Jirgin Sama da Takardar Bita

Gabatarwa

Idan aka ambaci haɗarin jirgin sama, abin da yakan fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne sararin samaniya, wato guguwa da tsawa, ko kuwa injin da ya mutu a tsakiyar gajimare. Amma duk wanda ya bi tarihin wannan sana'a sannu a hankali zai tarar cewa da yawa daga cikin manyan haɗurran da suka girgiza duniya, tun jirgin yana ƙasa aka shuka su. Wani lokaci sakata ce aka manta ba a zare ba, wani lokaci maɓalli ne aka bari a inda bai kamata ba, wani lokaci kuma kalma ɗaya ce aka faɗa ta rediyo, wanda ya ji ta ya ba ta wata ma'ana dabam. Abin da zai ƙara ɗaure wa mutum kai shi ne, waɗanda suka yi irin wannan kuskure galibinsu gwanaye ne da suka shekara da shekaru suna tuƙi.

A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin wata 'yar takarda da matuƙa suke karantawa kafin su tashi, wadda za mu kira takardar bita. Jeri ne na abubuwan da ya wajaba a duba ɗaya bayan ɗaya, wani yana kira wani yana amsawa. Za mu ga dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta, da yadda aka yi ta saɓa mata, da kuma rayukan da aka yi asara kafin a gane cewa takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Za mu faro daga Amurka a 1935, mu ratsa ta tsibiran Kanari da Jidda da ƙasar Girka, mu tsaya a 2014.

Asalin Takardar: Dayton, 1935

A shekarar 1935 rundunar sojan Amurka ta shirya gasa tsakanin kamfanoni uku, Boeing da Douglas da Martin, domin ta zaɓi sabon jirgin yaƙi mai jefa bom. Jirgin da Boeing ya kawo, wanda ake kira Model 299, ya yi wa sauran fintinkau. Injinsa huɗu alhali na abokan takararsa bibbiyu ne, kuma a watan Agusta na wannan shekara ya taso daga Seattle zuwa Dayton ta jihar Ohio, tafiyar mil dubu biyu da 'yan kai, cikin kimanin awa tara ba tare da ya yada zango ba. Kowa ya ɗauka gasa ta ƙare.

Ran 30 ga Oktoba, 1935, aka fito da jirgin a filin Wright domin a ci gaba da gwaji. Wanda ke riƙe da tuƙi shi ne Manjo Ployer Hill, shugaban sashen gwajin jirage na filin. A bayansa kuma ga Leslie Tower, babban matuƙin gwaji na kamfanin Boeing, wanda ya san jirgin ciki da waje. Jirgi ya ruga, ya ɗaga, sai hancinsa ya yi ta miƙewa sama babu ƙaƙƙautawa. Da ya kai kamar ƙafa 300, iska ta daina ɗaukar fikafikansa, ya karkace ya faɗo, wuta ta kama. Manjo Hill ya rasu a ranar, Tower ya bi shi daga baya saboda ƙuna, sauran mutum uku suka tsira.

Da aka bincika ba a sami aibi ko ɗaya a jikin jirgin ba. Abin da ya faru shi ne, akwai wata sakata da ake ɗana wa sassan wutsiyar jirgi masu motsi idan yana ajiye, domin kada iska ta riƙa kaɗa su ta lalata. A wannan sabon jirgi daga cikin ɗakin tuƙi ake ɗana ta, daga nan kuma ake zare ta. To, ba a zare ba. Jirgi ya tashi da wutsiya a kulle, matuƙi kuwa ba shi da ikon sunkuyar da hancinsa.

Boeing ya faɗi gasar, soja suka ba Douglas kwangila. Amma wasu hafsoshi da suka ga ƙarfin jirgin suka matsa har aka sayi guda 13 don ƙarin gwaji. Matuƙan da aka danƙa wa waɗannan jirage suka zauna suka yi nazari. Ƙarin horo ba zai yi magani ba, domin babu wanda ya fi Hill da Tower horo. Sai suka gane cewa abubuwan da ake bukatar tunawa a sabon jirgi sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, komai gwanintarsa. Saboda haka suka rubuta gajeren jeri na abin da za a duba kafin tashi, da cikin tafiya, da kafin sauka, da bayan sauka. Daga wannan haɗari ne masana tarihin jiragen sama suka saba faro labarin takardar bita. Shi kuwa jirgin, shi ne ya zama B-17, wanda aka ƙera fiye da 12,700 irinsa, aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da su.

Laifin Matuƙi ko na Maƙeri?

A lokacin yaƙin sai wata matsala ta sake ɓullowa. Matuƙan B-17 sukan dawo daga fagen fama lafiya, su sauka, sa'an nan suna cikin gudu a kan titi sai su naɗe tayoyin jirgi, ya zube a kan cikinsa. Rahotanni suka yi ta cewa kuskuren matuƙi ne. A 1943 aka sa wani matashin hafsa masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba lamarin. Da ya shiga ɗakin tuƙi sai ya ga maɓallin naɗe taya da na naɗe leɓatun fiffike suna kusa da juna, kamarsu ɗaya. Mutumin da ya kwana yana shan harbi a sama, ya dawo a gajiye, ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, me zai hana shi kama wanda ba shi ne ba? Sai aka manna wa maɓallin taya ɗan ƙaramin gare-gare na roba, na leɓatun kuma aka yi masa siffar leɓen fiffike, yadda hannu kaɗai zai bambance su ko a cikin duhu. Wannan dabara tana nan a jiragen fasinja har gobe.

Darasin da aka koya a nan ya zama ginshiƙi ga duk binciken da ya biyo baya. Cewa matuƙi ya yi kuskure mafarin bincike ne kawai. Tambayar da ke da amfani ita ce, me ya sa mutum mai hankali da horo ya ga abin da ya yi daidai ne a wannan lokaci?

Tenerif, 1977: Gaggawa da Kwarjini

Ran Lahadi 27 ga Maris, 1977, bom ya fashe a filin jirgin Gran Kanariya, cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, waɗanda ke cikin teku daura da Maroko. Aka rufe filin, aka karkatar da jirage zuwa wani ƙaramin fili mai suna Los Rodeos a tsibirin Tenerif. Cikinsu har da manyan jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM daga Amsterdam, ɗaya na Pan Am daga Amurka. Filin titin tashi ɗaya gare shi, ba shi da na'urar hango jirage a ƙasa, kuma jiragen da aka tara sun toshe hanyar gefe. Don haka duk wanda zai tashi sai ya bi ta kan babban titin ya je ƙarshensa, ya juyo, sa'an nan ya ruga.

Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, shi ne shugaban horar da matuƙan 747 na kamfaninsa, hotonsa ma ake bugawa a tallar kamfanin. Mataimakinsa na wannan rana, shi da kansa ya yi masa jarrabawar tuƙa irin wannan jirgi 'yan watanni kafin nan. Ga kuma dokar ƙasar Holan mai tsanani game da yawan awoyin da matuƙi zai yi yana aiki. In suka ƙara jinkiri, dole su kwana a tsibirin da fasinjoji sama da 200. Kyaftin ya sa aka sha mai, abin da ya ci lokaci, ya kuma tare wa Pan Am hanya. Kafin a gama, hazo mai kauri ya sauko ya rufe filin, har ma'aikatan hasumiya ba sa ganin jiragen, jiragen ma ba sa ganin juna.

Aka umurci KLM ya bi titi zuwa ƙarshe, Pan Am ya biyo bayansa ya ratse a mafita ta uku. Cikin hazo Pan Am ya wuce wannan mafita. KLM ya kai ƙarshe ya juyo, nan take kyaftin ya fara ba inji wuta. Mataimakinsa ya tunatar da shi cewa ba su sami izini ba, sai ya dakata ya ce a tambaya. Hasumiya ta karanto musu hanyar da za su bi bayan sun tashi, wanda kuwa ba shi ne iznin tashi ba. Tun mataimakin bai gama maimaita saƙon ba kyaftin ya saki birki. Mataimakin ya rufe maganarsa da wata jimla mai harshen damo, wadda za a iya fassarawa da cewa suna wurin tashi, ko kuma suna cikin tashi. Ma'aikacin hasumiya ya ɗauki ma'ana ta farko, ya ce to, ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan daƙiƙa matuƙan Pan Am su ma suka yi magana, suna cewa har yanzu suna kan titi. Muryoyin biyu suka haɗu a rediyo suka zama ƙara, abin da ya isa kunnen matuƙan KLM sarai shi ne "to" ɗin nan kawai.

Saura dama ɗaya. Injiniyan jirgin KLM, wanda ke zaune a bayan matuƙa, ya ji wata magana tsakanin hasumiya da Pan Am, sai ya tambaya ko Pan Am ɗin bai riga ya bar titi ba. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Babu wanda ya sake cewa uffan. Bayan 'yan daƙiƙoƙi, da misalin ƙarfe 5:06 na yamma, KLM ya yi ƙoƙarin tsallake Pan Am, ya yanke samansa. Duka mutum 248 da ke cikin KLM suka rasu, da 335 na Pan Am, jimla 583. Mutum 61 ne suka tsira. Har yau babu haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan, ga shi kuwa a kan titi ya auku.

Hausawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan magana tana da muhallinta, amma Tenerif ta nuna cewa a ɗakin tuƙi wani lokaci na baya ne ke hango abin da ya ɓace wa na gaba, kuma in kwarjini ya rufe masa baki, kowa ya hallaka. A 1979 hukumar NASA ta tara masana a kan wannan batu, daga nan aka fito da sabon horo na aiki tare, wanda kamfanin United ya fara koyarwa a 1981. Ana koya wa kyaftin ya nemi ra'ayin na ƙasa da shi, ana koya wa mataimaki ya faɗi abin da ya gani a fili, ya maimaita in ba a saurare shi ba. An kuma gyara harshen rediyo, ta yadda kalmar tashi ba ta fitowa daga bakin kowa sai lokacin ba da iznin tashi ko soke shi.

Baki Yana Karatu, Ido Yana Wani Wuri

A jikin fikafikan jirgi, gaba da baya, akwai wasu leɓatu da ake zarowa lokacin tashi da sauka. Su ne ke ƙara wa fiffike faɗi da lanƙwasa, yadda jirgi mai nauyi zai iya ɗagawa tun gudunsa bai yi tsanani ba. In ba a zaro su ba, jirgi zai ɗan ɗaga, ya yi ta rawa, ya faɗo. Saboda haka suna cikin takardar bita, kuma akwai ƙaho da ke kuka idan aka ba inji wuta alhali suna naɗe.

Ran 16 ga Agusta, 1987, jirgin kamfanin Northwest samfurin MD-82 ya shirya tashi daga Detroit zuwa Phoenix da dare. Ana cikin tafiya a ƙasa aka sauya musu titin tashi saboda yanayi, suka shagala da neman mararrabar da za su bi. Baƙin akwatin jirgin ya nuna cewa ba su karanta sashen bitar da ake yi a wannan lokaci ba sam. Ƙahon gargaɗi kuma bai yi kuka ba, domin lantarki bai isa gare shi ba. Jirgin ya bugi turken fitila ya faɗa kan hanyar mota. Cikin mutum 155 da ke ciki, yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu ce kaɗai ta rayu, wasu mutum biyu kuma suka rasu a ƙasa.

Shekara guda bayan haka, ran 31 ga Agusta, 1988, irin wannan ya sake faruwa ga jirgin Delta samfurin 727 a Dallas, mutum 14 suka rasu cikin 108. A wannan karon an karanta takardar. Da aka zo kan leɓatu, mataimaki ya amsa da adadin da ya kamata, alhali leɓatun suna naɗe. Kafin nan sun daɗe suna hira da wata ma'aikaciyar jirgin suna jiran layi, ko da yake tun 1981 hukumar jiragen sama ta Amurka ta hana duk wata hira da ba ta aiki ba, daga lokacin da jirgi ya motsa a ƙasa har ya wuce ƙafa 10,000.

Waɗannan haɗurra suka sa wasu masana biyu, Asaf Degani da Earl Wiener, suka shiga ɗakunan tuƙi suna kallon yadda ake amfani da takardar, suka fitar da rahotonsu a ƙarƙashin NASA a 1990. Sun tarar cewa wanda ya karanta abu sau dubbai yakan haddace shi, bakinsa ya riƙa ba da amsa tun ido bai kai wurin ba, ko kuwa idon ya kai amma ya ga abin da ya saba gani. Sun kuma lura cewa idan aka katse mai karatu a tsakiya, yakan ɗauka ya gama. Suka ba da shawarar a sa abubuwa mafi haɗari a farkon jeri, a rarraba dogon jeri gida-gida, kuma mai amsawa ya faɗi ainihin abin da ya gani, kada ya ce "an duba" kurum. Duk da haka, ran 20 ga Agusta, 2008, jirgin Spanair ya faɗi a Madrid. Samfurinsa MD-82 ne kamar na Detroit, ya yi jinkiri saboda wani gyara, ba a zaro leɓatu ba, mataimaki ya faɗi adadin da ka, ƙaho bai yi kuka ba, mutum 154 suka rasu. Masu iya magana sun yi gaskiya da suka ce sabo turken wawa.

Jidda, 1991: Abin da Bai Kai Kunnen Matuƙi Ba

Bita ba a ɗakin tuƙi kaɗai take ba, kuma wannan darasi da rayukan mutanenmu aka biya shi. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi samfurin DC-8 mallakar kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya shirya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da fasinja 247 da ma'aikata 14. Kwanaki kafin nan makanikai sun san cewa iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa da ƙa'ida, kuma masu bincike sun gano daga baya cewa an sauya alƙaluman da ke takardar duba tayoyin. A safiyar ranar babban makanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar kuwa ba ya son a makara, sai aka sallami jirgi haka nan. Bincike bai sami wata shaida da ta nuna an gaya wa matuƙan halin da tayoyin ke ciki ba.

Idan taya ɗaya ta yi sanyi, 'yar'uwarta da ke gefe ita ke ɗaukar nauyin. Jirgi cike da kaya da mutane ya yi doguwar tafiya a ƙasa cikin zafin Jidda, da ya fara gudun tashi sai tayoyi biyu na hagu suka fashe, ƙarfen ƙafar ya riƙa gogar titi har ya kama wuta. Matuƙan sun ji alamar fashewar taya, amma babu na'urar da za ta gaya musu akwai wuta a wurin. Suka tashi, suka naɗe ƙafafun, wato suka shigar da wutar cikin jirgi da hannunsu. Ta cinye wayoyi da bututun mai na sarrafa jirgi, ta huda daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Sun juyo za su sauka, amma jirgin ya faɗi saura ƙasa da mil biyu ya kai titi, kimanin minti goma bayan tashinsa. Duka mutum 261 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, sai dai a daɗe ba a je ba. Jinkirin da aka guje wa a wannan safiya bai wuce na neman tukunyar iska ba.

Girka, 2005: Maɓalli Ɗaya

Jirgin da ke tafiya can sama dole a riƙa matsa iska a cikinsa, in ba haka ba mutane za su rasa iskar shaƙa su suma. Akwai maɓallin da ke sa na'ura ta yi wannan aiki da kanta, ko kuma a mai da shi aikin hannu. A daren 13 wayewar 14 ga Agusta, 2005, injiniyoyi a filin Larnaka na tsibirin Kubrus suka gwada wata ƙofa ta jirgin Helios samfurin 737, suka mai da maɓallin kan aikin hannu domin gwajin, aka bar shi a nan. Sau uku bita ta bi ta kan wannan sashe, kafin a ta da inji, da bayan an tayar, da bayan an tashi, matuƙan ba su lura ba.

Da jirgi ya kai wajen ƙafa 12,000 sai ƙaho ya yi kuka. A wannan samfuri, kukan da ke nuna ƙarancin iska iri ɗaya ne da wanda ke nuna ba a shirya leɓatu ba, wanda kuwa a ƙasa kaɗai yake yi. Matuƙan suka ɗauka ƙahon ne ya rikice, suka ci gaba da hawa suna magana da injiniya ta rediyo, har hankalinsu ya gushe. Jirgi ya tuƙa kansa a ƙafa 34,000 har sararin Atina, ya yi ta kewaye, jiragen yaƙin Girka biyu suna rakiyarsa ba su da abin yi. Da mai ya ƙare ya faɗi kusa da ƙauyen Grammatiko, mutum 121 suka rasu. Mai karatu zai ga cewa matsalar da Chapanis ya gano a 1943 ce ta dawo, sai dai a wannan karon kunne aka ruɗa maimakon hannu. Daga baya an wajabta sa fitilu biyu dabam-dabam da za su nuna wa matuƙi abin da ƙahon ke nufi.

Kammalawa

Ran 31 ga Mayu, 2014, wani ƙaramin jirgin alfarma samfurin Gulfstream ya yi yunƙurin tashi a Bedford ta jihar Massachusetts, ya kasa ɗagawa, ya zarce ƙarshen titi ya kama wuta, mutum bakwai suka rasu. Dalili kuwa shi ne ba a zare sakatar iska ba, shekara 79 bayan mutuwar Manjo Hill. Matuƙan biyu tsofaffin hannu ne da suka daɗe suna aiki tare. Da aka duba na'urar da ke adana bayanan jirgin, sai aka ga cikin tashi 175 da suka gabata, sau biyu kacal suka yi cikakken gwajin motsa sassan tuƙi kafin su ruga. Sau 173 sun tsallake, babu abin da ya same su, kuma kowace tsira tana ƙara tabbatar musu cewa gwajin ɓata lokaci ne.

Idan muka tattara abin da ya gabata za mu ga abubuwa uku da suka yi ta karya takardar bita. Akwai gaggawa, kamar yadda muka gani a Tenerif da Jidda da Madrid. Akwai sabo, wanda ya sa baki ya amsa abin da ido bai gani ba a Dallas da Larnaka da Bedford. Akwai kuma kwarjini, wanda ya hana injiniyan KLM maimaita tambayarsa. Za mu kuma ga cewa babu haɗari ɗaya a cikinsu da kuskure guda ya haifar. Kullum sai an sami shinge uku ko huɗu da suka faɗi a jere, na makanike, da na matuƙi, da na ƙahon gargaɗi, da na mai ba da izini.

Wannan ne ya sa masu binciken haɗarin jirgi, bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, manufarsu ita ce hana sake aukuwa, ɗora laifi kuwa aikin kotu ne. Ta haka aka samu kowane haɗari ya bar gyara a bayansa, har tafiya ta jirgin sama ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin sufuri mafi aminci. Tun daga shekarun 1990 wasu jirage, irin su Boeing 777, suna da takardar bita ta kwamfuta, wadda ba ta yarda an gama wani sashe ba sai ta ji da kanta cewa maɓallin yana inda ya dace. Wasu sana'o'in ma sun ara. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar bita mai abu 19 domin ɗakin tiyata, kuma a asibitoci takwas da aka fara gwada ta, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

Cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su riƙe wuƙar tiyata, da waɗanda za su sa hannu a kan takardar gada ko madatsar ruwa, da waɗanda za su shugabanci wasu. Tarihin nan ya nuna cewa ranar da mutum ya fara jin ya wuce a tunatar da shi, ko ya fara jin haushin tambayar na ƙasa da shi, ranar ce ya fi bukatar takardar. Gani ga wane, in ji magabata, ya isa wane tsoron Allah.